Baƙar mace a matsayin Jamus: labarin waƙar Rammstein da ta tayar da ƙura

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2019, wani guntun bidiyo mai tsawon daƙiƙa 35 ya bayyana a intanet. Maza huɗu ne tsaye a jere, kowanne da igiyar rataya a wuya, sanye da tufafi masu ratsi-ratsi irin waɗanda ƴan Nazi suke sa wa fursunoni a sansanonin gwale-gwale. Ɗaya daga cikinsu yana da tauraro rawaya a ƙirji, alamar da aka tilasta wa Yahudawa maƙalawa a zamanin Hitler. Ba wanda ya yi magana. A ƙarshe sai kalma guda ta fito, Deutschland, wato sunan Jamus a bakin Jamusawa, tare da kwanan wata da aka rubuta da lambobin Romawa.

Mazan nan huɗu makaɗa ne na Rammstein, ƙungiyar mawaƙan Jamus da sunanta ya fi zagaya duniya a fagen kiɗan da ake kira hebi metal, guntun bidiyon kuma tallan sabuwar waƙarsu ne. Kafin a ji ko baiti ɗaya na waƙar, ƙura ta riga ta tashi.

Charlotte Knobloch, tsohuwar shugabar Majalisar Yahudawan Jamus, wadda ita kanta ta tsira daga kisan ƙare dangi tana yarinya, ta ce mawaƙan sun wuce gona da iri. Josef Schuster, shugaban majalisar, ya yi tir da duk wanda zai mayar da kisan Yahudawa miliyon 6 hanyar tallata haja. Felix Klein, jami'in gwamnatin tarayya mai kula da yaƙi da ƙyamar Yahudawa, ya kira abin cin zarafin ƴancin fasaha. Daga Isra'ila ma kakakin ma'aikatar harkokin waje ya nemi a janye bidiyon. Mawaƙan dai ba su tanka ba. Bayan kwana biyu, ranar 28 ga Maris, suka saki cikakken bidiyon mai tsawon minti 9 da ƴan kai.

Su wa ne Rammstein

Ga wanda kunnensa ya saba da rap ko waƙoƙin fina-finan Hausa, hebi metal sai an yi haƙuri da shi a karon farko. Sunan na nufin ƙarfe mai nauyi, kuma ya dace da shi: jita mai lantarki da ake sa ta yi gurnani, ganguna kamar ana sussukar hatsi, ga murya mai kauri. Salon ya taso ne a Ingila wajajen 1970, musamman a Birmingham, birnin masana'antu, a hannun ƙungiyoyi irin su Black Sabbath. Wanda ya taɓa jin yadda Mdou Moctar yake sa jita ta yi kuka ya san ƙofar gidan, sai dai a nan an ƙara wa abin nauyi ninkin-ba-ninkin.

An kafa Rammstein a Berlin a 1994. Su shida ne, kuma har yanzu su ne dai ba a sauya ko ɗaya ba: Till Lindemann mai rera waƙa, Richard Kruspe da Paul Landers da Oliver Riedel masu jita, Christoph Schneider mai ganguna, sai Christian Lorenz mai piyano. Dukansu sun tashi ne a Jamus ta Gabas, ƙasar ƴan gurguzu da ta shuɗe a 1990. Wato ƙasar da ta ba su takardar haihuwa babu ita a taswira yau, kuma wannan yana da alaƙa da irin kallon da suke yi wa kalmar Jamus. Sunan ƙungiyar ma daga masifa aka ɗauko shi, hatsarin jiragen sama na wasan nuna bajinta a sansanin sojan Amurka na Ramstein a watan Agustan 1988, inda mutane 70 suka mutu.

Zargin kusanci da masu ra'ayin Nazi ya daɗe yana bin su. A 1998 sun yi amfani da hotunan Leni Riefenstahl, matar da ta yi wa gwamnatin Hitler fina-finan farfaganda, a bidiyon wata waƙarsu. Suka ta yi yawa har a 2001 suka fitar da waƙar “Links 2-3-4” don su nuna cewa a siyasa ɓangaren hagu suke. Saboda haka lokacin da tallan 2019 ya fito, da yawa sun ɗauka tsohon hali ne ya motsa.

Abin da ke cikin bidiyon

Gargaɗi tukuna: bidiyon cike yake da jini da gawarwaki, ba na kallo da yara a gefe ba ne.

Specter Berlin ne ya ba da umarni. Ya tattaro tarihin Jamus na kusan shekara 2000 ya gauraya shi, ana tsalle daga wannan zamani zuwa wancan ba tare da bin jeri ba, sai wani jan haske mai kama da zare da yake ratsa kowane fage. An buɗe da shekara ta 16 miladiyya, sojojin Roma na kutsawa cikin daji suna iske gawarwaki rataye a bishiyoyi. Wannan tuni ne ga yaƙin dajin Teutoburg na shekara ta 9, inda ƙabilun Jamus ƙarƙashin Arminius suka hallaka rundunonin Roma uku, yaƙin da masu kishin ƙasa na ƙarni na 19 suka mayar ranar sunan al'ummarsu. Daga nan sai mayaƙa masu sulke, sai malaman coci suna ciye-ciye kamar kuraye, sai damben zamanin Jamhuriyar Weimar, da kurkukun da takardun kuɗi ke zuba a cikinsa kamar ruwan sama, abin da ke tuna shekarar 1923 da kuɗin Jamus suka zama takardar tsire. Akwai ƙona littattafai irin na 1933. Akwai jirgin Hindenburg mai kama da balan-balan da ya kama da wuta a 1937. Akwai shugabannin Jamus ta Gabas suna shagali a ofis, da ƴan ta'addan RAF na shekarun 1970, da tarzomar tituna, har da ƴan sama jannati.

A kusan kowane fage akwai mace guda, kuma ita ce ƙashin bayan bidiyon. Sunanta a labarin Germania. Jamusawa sun daɗe suna siffanta ƙasarsu da wannan mace: fara, doguwa, mai gashi ruwan zinariya, riƙe da takobi. Katafaren gunkinta da aka kammala a 1883 yana nan tsaye a kan tudu a gefen kogin Rhein, kusa da Rüdesheim. Rammstein suka ba Ruby Commey wannan matsayi, ƴar wasan kwaikwayo baƙar fata haifaffiyar Berlin.

Kuma ba su yi mata gata ba. Wani wuri tana cikin sulken zinariya tana ta da mayaƙa, wani wuri tana kwance a kan teburi malaman coci na cin namanta, wani wuri an yi garkuwa da ita da bindiga a ka. Can kuma ga ta da juna biyu, ta haifi ƴan kwikwiyo. Launukan tutar ƙasar, baƙi da ja da ruwan zinariya, suna yawo a jikinta daga fage zuwa fage. Ita ce uwa, ita ce abin yanka, wani lokaci kuma ita ce mai wuƙar.

Fagen da aka yi ta cece-kuce a kansa yana nan, kuma ya fi tallan nauyi. A bayan fursunonin ana harba rokoki samfurin V-2, abin da ke nuni ga sansanin Mittelbau-Dora kusa da garin Nordhausen, inda aka tilasta wa fursunoni ƙera waɗannan makamai a cikin ramukan ƙarƙashin dutse. Kimanin mutum 60,000 ne suka ratsa sansanin, kusan 20,000 suka mutu. Masana tarihi sun nuna cewa waɗanda suka mutu wajen ƙera rokar sun fi waɗanda ta kashe da aka harba ta. A fagen, Germania tana gefen masu gadi, sanye da kayan sojan SS, ido ɗaya a rufe. Daga baya fursunonin suka karɓe bindigogi suka harbe masu gadin, abin da tallan bai nuna ba.

Ita waƙar kanta magana ce da ƙasar kai tsaye, irin ta wanda ya kasa rabuwa da masoyiya kuma ya kasa amince mata. Lindemann ya jero kalmomi masu tushe guda da ke nuna girman kai da cin zali, sannan ya taɓo sananniyar jimlar farko ta tsohon taken ƙasar, wanda aka rubuta a 1841, ya sauya mata harafi ɗaya ta koma zargi. Wannan baiti na farko ƴan Nazi sun yi ta rera shi, shi ya sa a yau baiti na uku kaɗai ne taken ƙasar. Mawaƙin ya ƙare da hana ƙasar soyayyar da take nema. Duk mai tsattsauran ra'ayin da ya zo neman kirari, da wuya ya tafi da abin da ya zo nema.

Me ya sa a 2019

Waƙar ta faɗo ne a tsakiyar gardamar wa ya cancanci a kira shi Bajamushe. Har zuwa shekarar 2000, dokar zama ɗan ƙasa a Jamus ta dogara ne kacokan kan jini, bisa wata doka ta 1913. Wanda aka haifa a Hamburg iyayensa baƙi, baƙo ne shi ma. A 2015 masu neman mafaka kusan 890,000 suka shiga ƙasar. A zaɓen Satumban 2017 jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta shiga majalisar dokokin tarayya da kashi 12.6 cikin 100 na ƙuri'u. A Agustan 2018 aka yi zanga-zangar ƙin jinin baƙi a birnin Chemnitz.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun ga abin a fili. A 2016 Alexander Gauland, jigo a AfD, ya ce mutane na son Jérôme Boateng a matsayin ɗan wasa amma ba za su so shi maƙwabci ba, alhali Boateng haifaffen Berlin ne kuma yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Jamus kofin duniya a 2014. A Yulin 2018 Mesut Özil ya bar ƙungiyar ƙasa, yana kukan cewa in an ci wasa Bajamushe ne, in an sha kashi ya koma baƙo. Wata takwas bayan haka sai ga baƙar mace an naɗa ta uwar al'umma tun daga dajin Teutoburg. Ga ɗan Afirka da ke zaune a Jamus, wanda ake tambayarsa asalinsa ko da a can aka yanke masa cibiya, ba sai an fassara masa hoton ba.

Inda bidiyon ya gaza

Da cikakken bidiyon ya fito, wasu masu suka sun sassauta, masu sharhi da dama kuma suka yaba. Dokar Jamus ta haramta nuna alamomin Nazi amma ta keɓe ayyukan fasaha da ilimi, kuma bidiyon ya ci gaba da zama a intanet. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Jamus, kundin da ya biyo baya ranar 17 ga Mayu, na farko da suka fitar cikin shekara 10, shi ma haka.

Wannan nasarar ce ta sa ƙorafin farko bai mutu ba. A cikin minti 9 na hotuna, igiyar rataya da tauraro rawaya aka zaɓa a yi talla da su, aka bar mutane kwana biyu suna tafasa. Mutanen da suka shekara 25 suna sana'ar tayar da hankali sun san abin da zai biyo baya. Ma'anar da fagen ya samu a cikin cikakken aikin ba ta wanke wannan lissafi na kasuwa ba.

Akwai kuma giɓin da mai kallo daga Afirka zai riga kowa gani. An kawo Romawa, an kawo ƴan sama jannati, amma babu fage ko ɗaya na mulkin mallaka. A Berlin ɗin nan ne Bismarck ya tara ƙasashen Turai daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka. Jamus ta riƙe Togo da Kamaru da Tanganyika da ƙasar da ake kira Namibiya yau. Sojojinta sun ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a 1902. Tsakanin 1904 da 1908 sun hallaka dubun-dubatar ƴan ƙabilun Herero da Nama, wasu a hamada da ƙishirwa, wasu a sansanonin tsare mutane, shekaru kusan 30 kafin Hitler ya hau mulki. Sai a watan Mayun 2021, shekara biyu bayan fitar waƙar, gwamnatin Jamus ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin yuro biliyon 1.1 cikin shekara 30, tayin da shugabannin Herero da Nama da dama suka yi watsi da shi.

Hatta sa wa baƙar mace kayan SS yana da nasa ɗaci. A 1937 gwamnatin Nazi ta yi wa ɗaruruwan yara a yankin Rhein aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya, ƴaƴan da matan Jamus suka haifa wa sojojin da Faransa ta kwaso daga ƙasashen da ta mallaka. Bidiyon ya ari baƙar fata ya girgiza Jamusawa da ita, tarihin masu fatar kuwa ya bar shi a waje.

A mintunan ƙarshe gurnanin jita ya lafa. Sunayen waɗanda suka yi aikin suna wucewa, ana kaɗa tsohuwar waƙarsu “Sonne” da piyano kaɗai, a hankali. Germania tana kwance a cikin akwatin gawa na gilashi, yana shawagi shi kaɗai a sararin samaniya.