Esin mota ba ya tace hayaƙin salansa

Tun da zafin Maris ya kankama a Yola, wani saƙo ke ta yawo a WhatsApp, daga zaurukan 'yan uwa har na direbobin tashar Jambutu. Ya jero shawarwari kan esin mota da kuruz, wato maɓallin da ke riƙe wa mota gudu ba sai ƙafa na kan totur ba. Akwai gaskiya a ciki, akwai shirme, akwai kuma guda ɗaya da ke iya raba mutum da ransa.

Bari mu sallami ƙananan tukuna. Cewa esi na ƙara shan mai gaskiya ne, musamman a cunkoson bakin kasuwar Jimeta. Cewa dole a ƙara masa gas duk shekara ba haka ba ne; a rufe gas ɗin yake, in ya ragu to yoyo ake yi, a nemo wurin a gyara. Batun robar gaban mota na fitar da gubar da ke sa sankara ba shi da hujja a yadda aka zuzuta shi, amma sauke gilas na ɗan lokaci kafin a kunna esi dabara ce mai kyau don hucin ya fita. Kuruz kuma ba ya sa mota ta zabura da kanta cikin ruwan sama, taɓa birki ma kashe shi yake yi. Sai dai a jiƙaƙƙiyar kwalta, ko a hanyar Numan mai shanu da manyan motoci, gara ƙafa ta zauna a wurinta. In kuruz ya ƙi kamawa, a fara duba fiyus da ɗan makunnin fitilar birki.

Mai haɗarin ita ce wadda ta ce in an ɗauke wuta da dare, mutum ya kwashi iyalinsa su shige mota, a bar inji a kunne, a ɗage gilasai, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, wai esi zai tace iskar, kowa ya yi barcinsa. Wanda ya fara rubuta wannan ya yi ganganci da rayukan mutane, masu turawa ba tare da tambayar ko bakanike ɗaya ba su ma suna da nasu kason.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. A Afrilu zafin Yola kan haura maki 40, ɗaki ya zama kamar tanda, jariri na ta tsala kuka. Uban da ke da mota a tsakar gida dole zuciyarsa ta raya masa.

To amma esi sanyaya iska yake yi, ya tsotse danshinta. Matatar da ke cikinsa ƙura take tarewa. Ba ya ƙera iskar numfashi, ba ya kuma tare kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin inji, wadda ita ce ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini, tana kama shi fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau sama da 200. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Mai barci ba zai ji komai ba.

Maɓallin nan na juya iskar ciki, mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya, ba ya toshe mota ruf. Leƙa ƙarƙashin tsohuwar tokumbo ka gani: salansa da tabon walda, tsatsa ta huda ƙasan but, robar ƙofa ta bushe ta tsattsage. Da yawa ma an cire musu abin da makanikai ke kira indomi, wanda shi ke rage gubar hayaƙin. Mota na tsaye, hayaƙi na taruwa a ƙarƙashinta, ya sulale ciki ta waɗannan kafofi.

Ba kowa ne ya yi haka ya mutu ba, shi ya sa maganar ke samun shiga. A fili mai iska, da lafiyayyar salansa, haɗarin ya ragu. A rufaffen gareji ko lungu tsakanin katanga biyu kuwa, babu wata tantama, kisa yake yi. Ga kuma wata: in mai ya ƙare ko inji ya mutu, esi ya tsaya, gilasai na rufe, rana ta fito a kan yara, alhali jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

In aka tarar da wani a mota yana magagi ko ya ƙi tashi, a kashe inji, a fito da shi sarari, a garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a faɗa wa likita cewa a mota mai kunne aka same shi. Oksijin yake buƙata. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja, ba sa cire gubar, suna ma iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warware, a kai shi.