Sammore da Sirrin Telan Cikin Jiki

Kwanakin baya na je karar shanu ta Bukuru, kusa da Jos, na tarar da wani dattijo Bafulatani tsaye a kan wata saniya da ta rame, gashinta ya tashi, idanunta na zubar da ruwa. Ya ce mini, "Ɗana, sau biyu na yi mata allura, amma kamar ruwa na zuba." Sammore ne. Na san 'yan'uwanmu masu fataucin shanu a Agege da Bodija da Sabon Ibadan sun san wannan asarar, shi ya sa na ce bari in kawo muku abin da masana suka gano game da cutar.

Da can Fulani sun cika tsaunin Filato ne saboda sanyinsa da tsayinsa sun hana ƙudan tsando zama. A nan Vom aka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924, kuma cibiyar binciken sammore ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna tana da reshe a Vom. Yanzu fa abin ya canja, bincike ya nuna sammore ya samu gindin zama a shanun Filato. Magungunan da muka saba da su, Berenil da Samorin, sun haura shekara hamsin a kasuwa, kuma ƙwayar cutar ta fara raina su.

To, ina mafita? Sai mun leƙa cikin ƙwayar halitta. A ɗauki DNA kamar littafin da aka ajiye a ɗakin ajiya, ba a fita da shi. Idan jiki na son ƙera wani furotin, sai ya kwafi shafin da yake buƙata, wannan kwafin shi ake kira RNA. Kwafin ba ya fitowa a shirye, yana nan kamar yadin da aka kai wa tela. Akwai wasu furotin da ke kama RNA, su nuna inda za a yanke da inda za a haɗe. Yadi ɗaya, amma yau a fitar da kaftani, gobe a fitar da jamfa. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano wannan yanke-haɗe a 1977, aka ba su kyautar Nobel a 1993. Ta haka ne ɗan Adam, da kusan shafukan gado 20,000 kacal, yake samar da furotin iri-iri da suka fi wannan adadi nesa ba kusa ba.

Idan telan ya samu tangarɗa, ɗinki ya lalace. Misali, akwai wani mai suna RBM20 da ke yanka RNA na furotin ɗin da ke ba tsokar zuciya ƙarfin miƙewa da komawa. Canjin harafi ɗaya a cikinsa kan sa zuciya ta buɗe ta yi rauni, kuma abin na bin dangi.

Ƙwayar sammore ta fi mu dogara da waɗannan teloli. Ita takan kwafi shafuka da yawa a jere cikin zare ɗaya, sannan ta yayyanka, ta ɗinka wa kowane yanki hula iri ɗaya mai haruffa 39. Furotin masu kama RNA su ne ke zaɓar wanda zai yi aiki da wanda za a watsar. A 2012 masana a jami'ar Yale ta Amurka sun ƙara yawan guda ɗaya cikinsu, RBP6, sai ƙwayar ta rikiɗe a cikin kwalba ta koma siffar da ke iya kama dabba, abin da a da sai cikin ƙudan tsando yake faruwa. Ka ga tela ɗaya ya sauya mata kama gaba ɗaya.

Nan ne masana suka samu lagonta. Wani sabon maganin ciwon barci na mutane, acoziborole, yana toshe almakashin da ƙwayar ke yanka RNA da shi. An gwada shi a Kwango da Gini, sha ɗaya tak, kuma sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna kusan kashi 95 cikin ɗari sun warke. Ana nazarin danginsa don shanu, amma bai iso kasuwa ba tukuna.

Kafin ya iso, roƙona ga 'yan'uwa shi ne mu daina allurar kai-da-kai. Rage awon magani ko sayen na jabu shi ke koya wa ƙwayar juriya. A nemi likitan dabbobi ya duba jini, a yi allura daidai da nauyin dabba, a kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin a yanka ko a sayar da nono. Shanun da ke sauka kudu daga nan suke tasowa, lafiyarsu jarinmu ce baki ɗaya. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.