Ƙumar Ruwa: Daga Tafkin Kebbe Zuwa Tekun Turai

Duk dattijon da ya yi noma a Kebbe ko Tambuwal ya san kurkunu. Ciwo ne da a da ke kwantar da manomi daidai lokacin da damina ta kankama, a zauna ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, wata ta kai tsawon mita guda. Wanda ke kawo ta kuwa ɗan ƙwaro ne na cikin tafki da ƙyar ido ke ganinsa. Masana na kiransa kofifod, wasu su ce ƙumar ruwa. Shi ke haɗiye ’ya’yan tsutsar, mutum ya sha shi da ruwa, sai bayan kusan shekara ƙafa ta yi bororo.

A ƙidayar 1988, an samu masu ciwon fiye da 650,000 a Najeriya. Da ƙyallen tace ruwa, da maganin Abate da ake zubawa a tafki, da yawon ƙauye-ƙauye na Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter aka ci ƙarfinsa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

Dangin wannan ƙwaro da ke teku kuwa, lallaɓa su ake yi. A arewacin Tekun Atlantika akwai wani mai suna Kalanus, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma shi ne tuwon kifi. Titus ɗin da ake saya a daskare a kasuwanninmu da shi ya yi ƙiba.

Yaya za a ƙirga abin da ya fi yashi yawa? Tun 1931 Turawan Ingila ke ɗaura wata na’ura a bayan jiragen ruwa, tana tace ƙwarin a kan ƙyallen siliki. Wannan ɗiba ce kawai, saura sai kwamfuta. Ana ba ta ɗumin ruwa, da inda igiyar ruwa ke dosa, da yawan gansakukar da ƙwaron ke ci, da matakai goma sha biyu da yake bi bayan ƙyanƙyasa. Har kwanciyar da yake yi a ƙasan teku lokacin hunturu, yana cin kitsen jikinsa, ana lissafawa. Daga nan ta fitar da hasashen yawansa.

Ba kullum take cin daidai ba. Auna yawan waɗanda kifi ke cinyewa shi ne babban cikas, kuma kuskure kaɗan a nan kan karkatar da lissafin duka. Amma hasashen da ƙirgar sun haɗu a wuri ɗaya: yayin da Tekun Arewa na Turai ke ɗumama, Kalanus mai son sanyi yana ƙaura zuwa arewa, kuma yawansa a wannan tekun ya ragu ƙwarai tun shekarun 1960.