Kujerar jirgin sama haɗin gida: inda ake ƙara ƙarfe da inda ake barin fili

A shekarar 2007, wani ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ja hankalin duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da hannunsa. Injin na Honda Civic ne, kujerun kuma daga tsohuwar Toyota aka ciro su. Jirgin ya tashi, sai dai bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Kowa ya yi ta maganar inji da farfela, amma ga matasan da ke da irin wannan buri a Kebbi, daga ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo zuwa masu walda a Gwandu, babban darasin yana kan kujera ne.

Kujerar mota nauyi gare ta, kuma an ƙera ta ne don karon gaba da na baya. Jirgi kuwa yakan faɗo ne daga sama, bugun ya bi ta mazaunin matuƙi ya hau ƙashin bayansa. Tsohuwar ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce kujerar ƙaramin jirgi da ɗamararta su iya riƙe mutum mai kilo 77 ko da ƙarfin karo ya ninka nauyinsa sau 9 zuwa gaba. Wato kusan kilo 700 ke nan a kan 'yan notuna.

Saboda haka ƙarfafa kujera ba lafta ƙarfe ba ne. Inda ake dubawa shi ne mahaɗa: ƙafafun kujera, inda suka kama ƙashin jirgi, da inda aka ɗaure ɗamara. Maƙera jirage sun fi amfani da bututun ƙarfe mai lamba 4130 ko farantin alminiyam, suna gicciya su su ba da siffar kusurwa uku, domin ita ce ba ta lanƙwashewa da sauƙi. Ɗamara kuma, in kujerar ba don ɗaukarta aka ƙera ta ba, a jikin jirgin ake ɗaure ta, don ko kujera ta karye mutum ya tsaya a inda yake.

Sai batun ma'ajiya. Duk mai haɗi idan ya ga fili a ƙarƙashin kujera, zuciyarsa kan raya masa ya mayar da shi akwatin sifana da batir. Kamfanin Robinson ya yi irin wannan ma'ajiya a jiragensa R22 da R44, amma ya iyakance kayan ga kilo 23, ya kuma yi gargaɗin kada a sa abu mai tauri. Dalili shi ne an ƙera kujerar ta lotse idan an yi mummunar sauka, ta shanye bugun kafin ya kai ga baya. Idan guduma ce a ƙasa, ita za ta tarbi mai zama. Haka kuma wanda ya ƙara ƙarfe har kujera ta ƙi lotsewa, ya miƙa bugun ga jikinsa ne.

Akwai misali a gida. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don sojojin saman Najeriya, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's, wanda mutane ke haɗawa a garejinsu a Amurka. A cikinsa kaya a bayan kujeru suke zama, domin sandunan sarrafa jirgin ta ƙarƙashin mazauni suka bi. Noti ɗaya da ya gangaro ya maƙale a can ya isa ya kulle sandar tuƙi. Don haka kowace ma'ajiya sai da murfi mai kullewa.

Abu na ƙarshe shi ne awo. Kowane kilo da aka ƙara yana matsar da cibiyar nauyin jirgi, shi ya sa bayan gyara ake sake ɗora shi a sikeli a yi lissafi. Kafin mutum ya zauna, ana gwada kujerar da buhunan yashi a ƙasa. Izinin tashi kuwa yana hannun hukumar NCAA, komai kyan waldar.