Idan mota ta fara ƙorafi a tsakiyar hanya

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganinta a fim ko a YouTube: doguwar farar mota, a cikinta ga gado, ga murhun gas, ga firji, har da banɗaki. A Turai da Amurka iyali kan loda kayansu a irin wannan mota mai ɗaki su shafe makonni suna yawon hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Abin da fim ba ya nunawa shi ne ranar da za a ji "ƙwas-ƙwas" daga ƙarƙashin motar, ga shi babu gareji kusa. A ranar, mai motar shi ne direba, shi ne bakanike na farko, kuma kunnensa ne kayan aikinsa.

Kada mu ɗauka labarin ya yi mana nisa. Da yawa daga cikin waɗannan motoci a Turai ana gina su ne a kan Fiat Ducato, wadda aka fara ƙerawa a Italiya a 1981. A masana'anta ɗaya aka riƙa fitar da ita tare da 'yar'uwarta Peugeot J5, wato J5 ɗin nan da muke gani da lodin tumatir da albasa a hanyoyinmu. Ƙafafunsu ƙira ɗaya ce, don haka kukansu ma iri ɗaya ne.

Me ya sa ƙafar take gajiya?

Amsar ita ce nauyi. A ƙasashen Tarayyar Turai, lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya ne a kan mota mai nauyin kilo 3,500, kuma motoci masu ɗaki da yawa ba su da nisa da wannan iyaka tun kafin a zuba kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya ƙara kilo 100 ke nan, ban da tukunyar gas, da abinci, da mutane. Motar haya takan sauke kaya ta huta, amma wannan ɗakinta yana kanta dare da rana. Sannan takan yi watanni a ajiye lokacin hunturu, robobin ƙafarta su bushe su tsage.

Ƙafar mota ba taya kaɗai ba ce. Akwai sifirin da ke ɗauke da nauyi, da shokazoba da ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami. Akwai boljoyin, wanda yake aiki kamar gaɓar kafaɗarmu, yana barin taya ta juya ta kuma yi sama da ƙasa. Akwai tayarod, sandar da ke kai wa taya saƙon sitiyari. Akwai bushin, wato robobin da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe, sai kuma boris da taya ke juyawa a kansa. Kowanne idan ya gaji, da irin muryarsa.

A fara da tukwane

Darasi na farko da masu irin wannan mota suke koya yana da ban dariya: ba kowace ƙara ce daga ƙasa take fitowa ba. Cokula, da murfin tukunya, da ƙofar kabad, duk suna iya tayar wa direba hankali a banza. Saboda haka sai a tsaya a ɗaure komai, a cusa tsumma tsakanin kwanuka, a sake tafiya. Idan ƙarar tana nan, to magana ta koma ƙasa.

Daga nan tambaya mafi amfani ita ce: yaushe ƙarar take zuwa? Wanda ke kujerar gefe shi ya fi dacewa ya kasa kunne, domin idon direba na kan titi.

Idan bugu ne, "gwaf-gwaf", duk lokacin da aka hau tudun rage gudu ko aka faɗa rami, ana zargin bushin, ko ƙananan sandunan da ke riƙe da ƙarfen hana mota karkata a kwana, ko boljoyin, ko shokazoba. Shokazoba da ya mutu yakan jiƙe da mai a jikinsa, motar kuma ta riƙa lilo bayan an wuce ramin.

Idan "ƙas-ƙas-ƙas" ne a jere, lokacin da aka karya sitiyari sosai ana tafiya a hankali, wannan yawanci kan shaf ne, a motocin da tayoyin gaba ke ja irin su Ducato da J5. A leƙa bayan taya: idan robar da ta rufe shi ta yage, za a ga baƙin giris ya fantsama.

Idan gurnani ne, "wuuu", mai ƙaruwa da gudu, kuma yana sauya murya idan hanya ta lanƙwasa dama ko hagu, boris ne ke neman taimako. Idan kuwa kuka ne ke tashi duk lokacin da aka murɗa sitiyari, ko da motar a tsaye take, sai a duba man sitiyari da bel ɗinsa. Rawar sitiyari a kan wani gudu na musamman takan fito daga taya da ba a daidaita nauyinta ba, amma rawar da ba ta zuwa sai an taka burki, a wajen faifan burki za a neme ta.

Gwajin agogo

Akwai gwajin da bakanike ke yi wanda ɗan sakandare ma zai gane. A ajiye mota a daidaitaccen wuri, a ja burkin hannu, a sa dutse a tare sauran tayoyin, a ɗaga ɗaya da jak. A ɗauka tayar fuskar agogo ce. A riƙe ta a ƙarfe 12 da ƙarfe 6 a girgiza: idan tana motsi, boljoyin ne ko boris. A riƙe ta a ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a sake girgizawa: idan ta yi sako-sako, tayarod ne abin zargi. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wadda za ta jira, da wadda ba za ta jira ba

Busasshen bushin mai ƙiiƙii zai iya haƙuri har a isa gari a hankali. Amma idan sitiyari ya fara wasa a hannu, ko mota tana yawo a titi ita kaɗai, ko tsakiyar taya ɗaya ya yi zafi fiye da sauran, ko notin taya ya kwance, tafiya ta ƙare a nan sai an gyara. Boljoyin da ya cire yakan sa taya ta kwanta, tayarod da ya tsinke kuwa ya raba direba da ikon tayar gaba ɗaya.

Mun ga haka da idonmu bara, a wata tafiyar ziyarar karatu da muka yi a bas. Tun da muka bar gari, wata 'yar ajinmu da ke zaune ta baya ta ce tana jin gurnani a ƙarƙashin kujerarta. Muka yi mata dariya, muka ƙara sautin waƙa. Da ta gaji sai ta ɗaga murya: "Baba direba, don Allah ku duba tayar baya, ƙarar nan ƙaruwa take yi." Dattijon bai yi musu ba, ya gangara gefe. Da ya kai bayan hannunsa kusa da tsakiyar tayar, sai ya janye da sauri, ga warin ƙonannen giris. Boris ne ya cinye. Mun yi awa uku a ƙarƙashin bishiya muna jiran bakanike, muna gunaguni, har sai da ya zo ya zazzage mana ragowar boris ɗin a tafin hannunsa. Daga nan kowa ya yi tsit.

Yawancinmu ba mu da mota mai ɗaki, ba mu ma kai ga lasisi ba. Amma muna shiga mota ranar komawa makaranta da ranar hutu, kuma na kujerar baya yakan ji abin da direba bai ji ba. Idan mun ji, mu lura da lokacin da ƙarar take zuwa da gefen da take fitowa, mu faɗa wa direba cikin ladabi. Idan an maƙale a babbar hanya a Najeriya, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ita ce 122. Mu rubuta ta a bayan littafi kafin hutun nan.