Sunan da Ke Kan Murfi da Abin da Ke Cikin Kwamfuta

Tambayar da mai neman sayen kwamfuta ya fi yi ita ce kayan wane kamfani ne suka fi ƙarko, amsar da yakan samu kuwa ta danganta da wanda ya tambaya, domin wanda tasa ta shekara bakwai ba ta san hanyar shagon mai gyara ba, ba ya ganin kamarta, wanda kuma tasa ta mutu wata biyu bayan ƙarewar garanti ko sunan kamfanin ba ya son ji. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, sai dai shaidar mutum guda a kan na'ura guda ba ta isa a yanke wa kamfanin da ke sayar da miliyoyin kwamfutoci a shekara hukunci ba. Manyan matsalolin da masu kwamfuta suka sha fama da su tun daga farkon shekarun 2000 sun nuna cewa lalacewa ta fi bin wani ɗan sashe da ke cikin na'urar, da kuma samfurin wata shekara, fiye da yadda take bin sunan da aka manna a kan murfi.

Dalilin haka yana cikin yadda ake ƙera na'urar. Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka, waɗanda aka fi sani da laftof, ba masu sunan ne ke harhaɗa su da kansu ba, wasu kamfanonin Taiwan ne irin su Quanta da Compal da Wistron da Inventec ke yin aikin bisa kwangila, kuma su ma sayo sassan suke yi: masarrafar, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, daga Intel ko AMD, batir daga wani wuri, gilashin fuska daga wani wurin dabam. Saboda haka idan sashe ɗaya ya fito da aibi daga masana'antarsa, yakan bazu cikin kayan kamfanoni da yawa da ke gogayya da juna a kasuwa, kamar yadda gurɓataccen iri ke ɓata gonakin manoman da ba su san juna ba.

Batun kafasita shi ne misalin da ya fi fito da wannan a fili. Kafasita wani ɗan abu ne mai siffar ƙaramin gwangwani da ke tsaye a kan babban allon kwamfuta, allon da duk sauran sassa ke haɗuwa a kansa wanda masu gyara ke kira bod, kuma aikinta shi ne ta riƙe wuta ta riƙa daidaita ƙarfinta kafin ta isa ga masarrafa. A cikin irin da ake magana a kai akwai wani ruwan sinadari, wanda idan haɗinsa ko awonsa bai yi daidai ba, sai kan kafasitar ya kumbura, wani lokaci ta tsage ta zubo, kwamfutar kuma ta fara ɗaukewa ba gaira ba dalili har ta kai ga ƙin tashi gaba ɗaya. Kwamfutocin tebur na Dell samfurin OptiPlex GX270 da GX280, waɗanda ofisoshi da makarantu da hukumomin Amurka suka saya da yawa, suna ɗauke da irin wannan kafasita ta kamfanin Nichicon na Japan, kuma aibin ya taɓa kayan HP da na Apple. A 2005 Dell ya ware kusan dala miliyan 300 domin gyara da sauya allunan da suka lalace.

Cikakken labarin bai fito ba sai a 2010, lokacin da aka buɗe takardun ƙarar da wani kamfanin intanet mai suna Advanced Internet Technologies ya shigar. Takardun sun nuna cewa tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 Dell ya sayar da aƙalla kwamfutoci miliyan 11.8 da ke cikin haɗarin wannan lalacewa, cewa an umarci ma'aikata kada su riƙa tayar wa masu saye da zancen matsalar, kuma cewa a wasu lokuta an cire allo mai aibi an maye gurbinsa da wani mai irin aibin. Har sashen lissafi na Jami'ar Texas aka taɓa faɗa wa cewa nauyin lissafin da suke ɗora wa kwamfutocinsu ne ya kashe su. Dell ya kare kansa da cewa matsala ce da ta shafi masana'antar baki ɗaya kuma ya tsawaita garanti ga waɗanda abin ya shafa, daga ƙarshe aka sasanta a wajen kotu. Kafasitar ba laifin Dell ba ce, amma shirun nasa ne, kuma shirun ya fi cutar da masu kaya, tunda mutumin da bai san na'urarsa na ɗauke da aibi ba ba zai yi gaggawar kwafe bayanansa zuwa wani wuri ba.

Idan aka ajiye wannan kusa da abin da ya faru da batir a 2006, bambancin yana da ban lura. A watan Yunin shekarar wata laftof ta Dell ta kama da wuta a wurin wani taro a birnin Osaka, hotunanta suka zagaya duniya, sai ga shi a watan Agusta kamfanin ya nemi a mayar masa da batura miliyan 4.1, Apple ya biyo baya da miliyan 1.8 cikin 'yan kwanaki, jimillar na duk kamfanoni kuma ta kusa miliyan 10. Duk ƙwayoyin baturan Sony ne ya ƙera su, kuma ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikinsu a masana'anta ne ke haɗa wuta. An yi saurin kiranye a nan domin aibin na iya ƙona gida ko jirgin sama, kuma akwai hukumar kare lafiyar masu saye ta Amurka da ke sa ido. Aibin da ke kashe na'ura kawai ba tare da hayaƙi ba kuwa ba shi da mai tsaya masa, sai mai kaya ya yi ta kiran waya da aika wasiƙa, ko kuma masu kaya su taru su shigar da ƙarar haɗin gwiwa wadda kan ɗauki shekaru.

Haka aka yi da guntun sarrafa hoto na Nvidia, wato ɗan sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. A Yulin 2008 Nvidia ya amince cewa kayan da aka liƙe wasu guntayensa da su ba sa jure yawan ɗumama da hucewa, ya kuma ware dala miliyan 196 saboda haka, bayan laftof na HP da Dell da Apple sun yi ta mutuwa da baƙar fuska ko zane-zanen layuka. Maganin farko da HP da Dell suka bayar shi ne sabunta manhajar da ke tayar da na'ura domin fanka ta riƙa juyawa fiye da da, abin da masu kaya da yawa suka ɗauka a matsayin dabarar jinkirta mutuwar har garanti ya ƙare. Masu gyara sun saba hura wa irin wannan guntu iska mai zafi har mahaɗan da suka tsage su sake kamawa, kwamfutar ta tashi kamar ta warke, amma galibi ciwon yakan dawo bayan 'yan makonni ko watanni, don haka laftof ɗin da ta tashi a gaban mai saye ba lallai ne ta kai sallar baɗi ba.

Tsada ma ba ta zama kariya ba. A 2015 Apple ya fito da wani siririn tsarin madannan rubutu da ya laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi saboda siffar abin da ke ƙarƙashin kowane harafi, ya kuma sa shi a MacBook Pro daga 2016. Ƙwayar ƙura guda na iya sa harafi ya maƙale ko ya riƙa maimaita kansa, kuma da yake an kafe madannan a jikin rufin sama tare da batirin da aka liƙe da gam, gyaran harafi ɗaya kan zama sauya rabin gangar jikin, kuɗinsa kuma ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare. Sai a Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na shekara huɗu daga ranar saye, ya fara komawa tsohon tsari a ƙarshen 2019, sannan a 2022 ya yarda ya biya dala miliyan 50 domin sasanta ƙara, kuɗin da ya tsaya ga masu saye a Amurka kaɗai. Mai karatu da ya san ƙurar hunturu a Kano ko Damagaram ba ya buƙatar a faɗa masa yadda irin waɗannan madannai za su kasance a hannunsa.

Injiniyoyi suna da wata hanyar kwatanta rayuwar na'ura wadda ke taimakawa wajen fahimtar garanti. Idan aka zana yawan lalacewa bisa tsawon lokaci, zanen kan fito da siffar akushi: a watannin farko lalacewa na da yawa saboda kurakuran masana'anta, sai ta sauka ta daɗe a ƙasa, sannan ta sake hawa idan sassa suka tsufa. Garantin shekara ɗaya da aka saba bayarwa yana rufe gefen farko ne kawai, shi ya sa aibi irin na kafasita ko na Nvidia, wanda ke bayyana a shekara ta biyu ko ta uku, ya fi kowanne ɗaci. Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kayansa na aƙalla shekara biyu, Faransa kuma tun Janairun 2021 ta wajabta a rubuta wa laftof maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta.

A cikin kamfani guda ma kayan ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambancin ya fi na tsakanin kamfanoni tasiri. Akwai layin da aka yi domin ma'aikatu, kamar ThinkPad, wanda ya koma hannun Lenovo a 2005 bayan ya sayi sashen kwamfutoci na IBM, da Latitude na Dell da EliteBook na HP, akwai kuma layin gida irin su IdeaPad da Inspiron da Pavilion, inda araha da kyan gani suka fi rinjaye. Ma'aikatar da ta sayi kwamfuta dubu takan haɗa da yarjejeniyar shekara uku wadda a cikinta mai gyara zai zo har ofis, don haka duk lalacewa asarar mai ƙerawa ce, dole ya ƙarfafa gangar jiki da mahaɗin murfi, ya wallafa littafin kwancewa, ya kuma tanadi kayan sauyi. Kwamfutar tebur ta fi laftof sauƙin gyara ta kowace fuska, domin iska na zagaya cikinta kuma ana cire sashen da ya mutu a saka wani, ko da yake manyan kamfanoni kan yi wa wasu samfuransu akwatin wuta da ba ya shiga da na kowa. Rauninta shi ne ba ta da batir, don haka inda wuta ke ɗaukewa ba sallama ko take hawa da sauka, ba ta da kwanciyar hankali sai da na'urar riƙe wuta da sitabilaiza, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa laftof ta fi karɓuwa a garuruwan da ke fama da matsalar lantarki.

A nan ne labarin ya iso ƙasar Hausa, domin kwamfutocin da ma'aikatun Turai da Amurka ke sallama bayan shekara uku ko huɗu su ne da yawansu ke sauka Legas, su bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, su iso shagunan titin Beirut a Kano da Banex a Abuja a matsayin na hannu. Mai sayen irin wannan yakan samu na'urar da aka gina da kyau a kan kuɗin da ba zai saya masa sabuwa mai rabin ƙarfinta ba, kuma da yake samfurin ya yi yawa a kasuwa, fuskarta da madannanta da cajarta ba sa wuyar samu. Abin da bai biyo ta ba shi ne duk wata kulawar kamfani: garanti ya ƙare, shirin gyara kyauta ya rufe, kuɗin sasanta ƙara kuma ba a yi shi da shi ba. Garantinsa shi ne alkawarin baki na mako ɗaya ko wata ɗaya da ɗan kasuwa ya yi masa, cibiyar kula da shi kuma ita ce teburin mai gyara, wanda sau da yawa ya fi kowace talla sanin samfurin da ke yawan dawowa da ciwon mahaɗin murfi ko zafin bod. Sababbin laftof sirara, waɗanda ake liƙe ma'ajiyar aiki, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa, da dalma a jikin allo ta yadda ba a ƙara ta ko sauya ta, suna rage abin da wannan mai gyara zai iya yi.

Akwai kuma wata irin kulawa da kan ƙare alhali na'urar na da ranta. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci, Windows 11 kuwa a hukumance tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da masarrafar Intel ta ƙarni na 8, wadda ta fara fitowa a 2017, ko wadda ta biyo bayanta, ko makamanciyarta ta AMD. Laftof ɗin ma'aikata mai masarrafar ƙarni na 6 ko na 7, ko da jikinta garau yake kuma batirinta sabo ne, tana wajen wannan layi, kuma irinta ba ta ƙare a kantunan na hannu ba.