Yadda haske ke yanka gilashin waya ba tare da ya fasa shi ba

Duk mai sauya sikirin a Karaye ko Rogo, ko mai saro kaya daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya san cewa idan waya ta faɗi, tsagewar gilashi yawanci daga gefe take farawa. Dalilin yana komawa ga yadda aka yanka gilashin tun a masana'anta.

Tsohuwar hanya ita ce a karta gilashi da ƙarfe mai kaifi, sannan a karya shi a kan layin. Wannan yana barin ƙananan tsagu a baki waɗanda ido ba ya gani, sai an goge su da na'ura. Duk tsagar da ta rage tana jiran ranar da waya za ta faɗi. Shi ya sa masana'antu da dama suka koma yanka da hasken leza.

Sai dai akwai tambaya. Haske ai ratsa gilashi yake yi ya wuce, to ta yaya zai yanka shi?

Haske yana tafiya ne a ƙananan ƙwayoyi da ake kira foton. Ƙarfin foton ɗaya bai isa ya girgiza ƙwayoyin lantarkin da ke cikin gilashi ba, don haka sai ya wuce. Kamar buhun masara ne a kasuwar Rogo: yara ɗari za su iya zuwa ɗaya bayan ɗaya, buhun bai motsa ba. Amma idan biyar suka kama a lokaci guda, sai ya tashi.

Abin da leza mai gajeren bugu take yi ke nan. Tana tattara haske ta sake shi cikin lokacin da ake aunawa da femtosakan, wato kashi ɗaya idan aka raba daƙiƙa gida miliyan sau biliyan. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma a femtosakan 100 ko kaurin silin gashi ba ya kaiwa. Idan aka matse wannan bugu a ɗigo guda, foton da yawa suna afka wa ƙwayar lantarki ɗaya tare, sai gilashin ya shanye hasken a daidai wurin kawai. Kafin zafi ya bazu, bugun ya ƙare. Na'urar tana jera irin waɗannan ɗigo dubbai a layi, gilashin ya rabu da baki mai tsafta.

Donna Strickland da Gérard Mourou ne suka buɗe wannan hanya a 1985 a Jami'ar Rochester da ke Amurka. Dabararsu ita ce a miƙe bugun, a ƙara masa ƙarfi, sannan a sake matse shi, don kada ya ƙona na'urar da ke samar da shi. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Tunda hasken yana aiki ne a inda aka tattara shi kaɗai, ana iya rubutu a tsakiyar gilashi ba a taɓa samansa ba. A 2019 Microsoft ya adana fim ɗin Superman na 1978 cikin gilashi mai kaurin milimita 2. Likitocin ido ma suna amfani da irin wannan leza wajen tiyata.

Mai sayen sikirin ko gilashin kariya ya shafa gefensa da yatsa, ya ɗaga shi a haske. Idan akwai kaushi ko ɓantarewa, ya nemi wani. Ita kuwa ƙaramar lezar wasa da yara ke saye ba ta yanka gilashi, amma ido yana tattara haskenta a kan fatar gani da ke can ciki, kuma tana iya yi mata lahani. Kada a haska ta a idon kowa.